Ranar da Na Buga Hokin Ƙanƙara a Zahir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Goggo Saude ta rangaɗa mini guɗa a daidai lokacin da ake tsire ni a gaban jama'a ba. Kuma abin haushin, da bakina na sayo.

Abla Samira, malamarmu ta wasanni, ita ta ga yadda nake gudu (gudun da na koya wurin tsere wa silifas ɗin Umma). Ta kira ni ta ce za a yi sansanin tantance 'yan matan da suka iya wasan hoki a unguwar Zahir, nan cikin Makka, waɗanda suka yi fice a wuce da su babban sansani a Jidda su yi hutu a can. Ta ce, "Kin taɓa bugawa?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Abla, ai tun ina ƙarama." Ta ce to in tsaya bayan an tashi ta tuna mini dokoki. Na ce kada ta wahalar da kanta. Gaskiyar magana, sauri nake kada mai balila, dafaffen waken nan na Larabawa, na bakin makaranta ya tashi.

A gida Baba ya saurare ni tsaf, sannan ya yanke hukunci. In an ɗauke ni, ya yarda in je Jidda. In ba a ɗauke ni ba, hutun gaba ɗaya a unguwar Jarwal zan yi shi, a kicin ɗin Goggo Saude, yayarsa mai dafa wa alhazai tuwo. Wanda bai taɓa ganin buhunan albasar Goggo ba ba zai gane girman wannan barazana ba. Ga teku da iska a Jidda, ga wuƙa da hawaye a Jarwal.

Sai na kama shiri. Na ɗauki wayar Umma na nemo hoki, abin da ya fara fito mini wasu ƙattai ne a kan ƙanƙara, suna zamiya suna bangaje juna har mutum ya manne da bango. Na san namu ba a kan ƙanƙara ba ne (a Makka ƙanƙara sai a firij), na ga ma ga bidiyon na ƙasa a gefe, amma wancan ya fi daɗin kallo. Na ce sanda ai sanda ce, raga kuma raga ce. Kullum da la'asar ina saman gidanmu a Hindawiyya da sandar mofa da busasshen lemon tsamin da Umma ke sakawa a shinkafar kabsa, ina bangazar tankin ruwa. Sai da lemon gidan ya ƙare tas, rabinsa yana rufin maƙwabta.

Ranar tantancewa Umma ta raka ni, Goggo ma ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta cika jakarta da alewa, wai ta watsi in an kira sunana. Babban zaure ne rufaffe, mata zalla, iyaye suna can sama a kan kujeru. 'Yan matan da na tarar kowacce da sandarta a cikin jaka, da abin kare ƙwauri, da robar haƙori. Ni aron sanda aka ba ni. Na juya ta na ga gefe ɗaya a shafe, ɗayan a kumbure, na ce a raina da yake ta aro ce shi ya sa suka ba ni mai lahani.

Shugabar masu tantancewa, Kabtin Abir, wata doguwa mara fara'a, ta tara mu ta ce a zagayen farko ba za su busa usur ba. Za su bar mu mu yi wasa yadda muka saba, su kuma su tsaya gefe su ga matakin kowa. Da ina da hankali, a nan ya kamata in tsaya baya in ga yadda ake yi. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne an buɗe mini fili.

Ana sakin ƙwallo na yi kanta. Wata siririya mai suna Rahaf, wadda na ji ana raɗa cewa ita ce gwanar wurin, ta taho da ƙwallo kamar an ɗinke ta a sandarta. Na saita kafaɗa yadda na saba yi wa tanki. Tanki dai ba ya tashi sama, Rahaf kuwa ta tashi. Na tare ƙwallon da ƙafa, na tura ta gaba, na maka ta da bayan sanda tun daga tsakiyar fili, ta shige raga. Na waiga, masu tantancewa duk sun daina kallon kowa sai ni. Ɗaya ta dafe baki. Ɗaya ta ciro waya tana ɗaukata. Na ce alhamdulillahi, Jidda ga ni nan.

Daga can sama muryar Goggo ta tsaga zauren: "Haka nake so, 'yar Baba! Ture su, ba gidan ubansu ba ne!"

Ai sai na ƙara wuta. Na bangaje ta biyu, na bangaje ta uku. 'Yan ƙungiyarmu ma suka fara kauce mini, na ɗauka girmamawa ce. Wata ta ce, "Ya bint, ke yarinya, lafiyarki?" na ce mata, "Yalla, matsa, aiki nake." Abin da ya fi ƙona mini rai in na tuna shi ne da ƙwallo ta fita ta layin ƙarshe, kowa ya tsaya, ni kuwa na bi ta, na zaga da ita ta bayan raga kamar yadda ƙattan nan ke yi, na ɓullo ta ɗaya gefen na zura. Mai tsaron raga ko motsi ba ta yi ba, kallona kawai take ta cikin hular ƙarfenta. Na durƙusa na yi sujjadar godiya.

Da aka gama aka zaunar da mu a tsakiyar fili. Kabtin Abir ta nuna ni ta ce in taso. Ni kaɗai. Na miƙe ina ɗaga wa Goggo hannu.

"Nuna musu yadda kike riƙe sanda," in ji ta. Na nuna, har da ɗan salo.

"Ku duba da kyau. Ba a bugu da bayan sanda. Ba a taɓa ƙwallo da ƙafa. Ba a ture mutum. Ba a ci daga wajen da'irar gaban raga." Ta numfasa. "Zagayen bayan raga kuwa, ni ma yau na fara gani." Sai ta juyo gare ni, ta sassauta murya, amma duk da haka sauran suna ji. "Habibti, faɗa mini gaskiya. Na kan ƙanƙara kika kalla?"

Na ce, "Shi ya fara fitowa."

Zauren ya fashe. Har Rahaf, da ledar ƙanƙara a gwiwar hannu, tana dariya tana cewa wayyo. To Goggo daga sama ba ta jin abin da ake faɗa. Ita dai ta ga an fito da 'yarta ita kaɗai a cikin taro, kowa yana murna. Sai ta miƙe ta toshe hanci ta saki guɗa, doguwa, irin ta kai amarya, ta shiga watso alewa. Ɗaya ta sauka a kan Kabtin Abir. Umma, wadda ta riga ta gano komai daga fuskata, tana jan abayarta tana cewa, "Yaya, zauna, don Allah zauna," ita kuwa tana cewa, "Bar ni, Hajara, ba kullum ake samun irin wannan ba!" A nan dai ta yi gaskiya.

Kafin mu kai mota ta riga ta tura saƙon murya ga dangi har Kano cewa na ci ƙwallo biyu na kayar da Larabawa uku. Har yau akwai masu kirana su yi mini barka, ni kuma ba na gyara musu.

Abin da na koya shi ne, in kin ga manya sun bar kowa sun zuba miki ido har da ɗaukar bidiyo, kada ki yi saurin yin sujjada, ki fara tambayar ta kusa da ke me kika yi.

Ba a ɗauke ni ba. Kabtin Abir ta ce wa Umma gudu kam ina da shi, in ina so in riƙa zuwa ajin masu koyo ranar Asabar. Hutun a Jarwal na yi shi. Ajin kuma ina zuwa har yanzu, ni da yara 'yan firamare, mafi tsawonsu iyakarta kafaɗata, kuma an gargaɗe su kada su tsaya a gabana.