Saniyar da na aro wa Dije

Ko na manta komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na aro saniyar sarkin fawa ba. A 1979 ne, ina sabon malami a wata firamare ta ƙauye a ƙasar Bukkuyum, da takardar shaidata sabuwa fil da kuma kai mai girman gaske. Ni aka ba aji biyu, aka haɗa mini da lambun makaranta, saboda na ce na karanta aikin gona (na karanta ɗin kuwa, a littafi).

A ajina akwai wata yarinya Bafulatana, Dije. Mahaifinta ne kaɗai a rugarsu ya yarda ya sa 'ya mace boko, ya kawo ta gari ya ajiye ta gidan wani aminin sa. Rubutunta ya fi na kowa kyau, lissafi kuwa kafin in gama rubutawa a allo ta gama. Amma shekara guda cur ba wanda ya taɓa jin muryarta a makaranta. Ko sunanta na kira a rajista, hannu kawai take ɗagawa.

Wata safiya hedimasta ya kira ni ya ce sufeton makarantu zai zo daga Gummi. "In bai ji ta tana magana ba, cewa za shi yi bebiya ta, a soke sunanta. Ubanta kau ya gaji da dariyar mutanen ruga, mai da ta gida za shi yi." Abin ya dame ni ƙwarai, don yarinyar tana son karatun nan, kowa ya gani.

Ana haka, wata Juma'a da yamma na biyo ta bakin gulbi a kan kekena, sai na ji wata yarinya tana kiran shanu da murya zaƙwai, kowace da sunanta, suna ɗago kai suna zuwa. Na duba, Dije ce, ta je hutun ƙarshen mako gida. Har zance take yi da su, tana yi wa wata faɗa tana lallashin wata. Na tsaya baki buɗe. Daga nan har gida ina taka keke ina yaba wa kaina basira, kamar ni na haɗa abin.

Dabarata mai sauƙi ce: tunda Dije na magana gaban saniya, to a kawo saniya makaranta. Rugarsu da nisa, kuma girman kai bai bar ni na je na roƙi mahaifinta ba. A ganina saniya ai saniya ce. Na je wurin sarkin fawa, ya ba ni aron wata ja da ya sayo a kasuwa jiya-jiya. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san abin da kaka yi kuwa?" Na ce masa wannan sabuwar hanyar koyarwa ce, ba zai gane ba.

Ranar da sufeto ya zo na sha farar kaftanina ta Sallah. Na jera yara a bakin lambu, aka kawo wa baƙo kujera, ni kuma na riƙe igiya, har na naɗa ta a hannu don kada ta kuɓuce (makiyayin kirki ba ya yin haka, daga baya na sani). Na yi jawabi mai tsawo a kan yadda dabba ke buɗe bakin yaro. Sannan na ce, "Dije, zo ki kira ta."

Dije ta fito, ta dubi saniyar, ta sunkuyar da kai. Shiru. Na sake cewa, shiru. Sufeto ya ciro alƙalami. Sai na ce bari in nuna mata yadda ake yi. Na buɗe baki na kwaikwayi kiran da na ji a bakin gulbi, da iya ƙarfina, daidai kunnen saniyar.

Abin da na sani kawai shi ne ƙasa ta taso ta same ni. Saniya ta ja ni rub da ciki ta fangalin albasa, ta bi da ni cikin tumatir, ta sauke ni a kan tulin takin da ni da kaina na sa yara suka tara. Hulata ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. Yara suna dariya har da faɗuwa, hedimasta ya rufe fuska da rajista. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Ina kwance na ga Dije ta nufi saniyar a hankali, ta gefe, tana wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana shafa mata wuya har ta daina huci. Sannan ta juyo, gaban sufeto da kowa, ta ce:

"Malam, wagga saniya an raba ta da ɗanta, dubi hantsarta cike da nono. Kuma ba ta san kowa ba nan. Wadda ba ta san kowa ba, mi za ta cewa?"

Dariya ta ɗauke. Sufeto ya mai da alƙalaminsa aljihu, ya tambaye ta sunayen shanun gidansu, ta lissafa masa su tas. Ba a soke sunanta ba.

Ni kuwa kunyar takin ta wuce da wanka ɗaya, amma ta maganar nan ta daɗe tana cin raina. Shekara guda yarinya tana zaune gabana, an rabo ta da innarta da duk abin da ta sani, ban taɓa tambayarta ko tana kewar gida ba. Asabar ɗin da ta biyo baya na taka keke har rugarsu, na durƙusa na gai da mahaifinta, na zauna aka koya mini shanu ɗaya bayan ɗaya, Dije ce malamar.

Tun daga ranar, in zan gwada wata sabuwar hanyar koyarwa, sai na fara tambayar wanda za a gwada a kansa. In kuma da dabba a ciki, ita ma nakan nemi jin ta bakinta, daga nesa.