Katin Sautin Matan Zumunta

Ni da bakina na ce duk Kafanchan babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. Da matan zumunta na cocinmu suka so a ɗauki waƙoƙinsu a falona, sai na je wani shago a Kaduna na zaɓo katin sauti, wato na'urar shigar da murya cikin kwamfuta, mafi girma a shagon, ban tambayi kowa ba.

Ran Asabar mata ashirin suka cika falon, da anko da tulunan kiɗa. Na buɗe kwali na ciro katin. Ashe katin na sawa cikin kwamfutar tebur ne, ni kuwa laftof gare ni. Na juya ta gaba, na juya ta baya ina neman ramin da zan cusa katin, zufa har cikin takalmina.

Har yau gaisuwar Mama Saratu, shugabarsu, ɗaya ce: "Injiniya, a kawo maka guduma ne?"