Cinikin Tayar Baya da Baba Modu

Ba zan taɓa mantawa da wata magariba a unguwar Sih ta Madina ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da mutanen da suka halarce ta.

Lokacin ina saurayi, ina aiki a wani otal na alhazai kusa da Harami, wayar hannu kuma ba ta iso hannun irina ba tukuna. Duk abin da na mallaka a duniya babur ne. Ba irin ƙananan nan da ake kai saƙo da su ba. Ƙato ne na doguwar tafiya, mai akwatuna a gefe da gilashi a gaba, na saye shi na hannu wurin wani Bature da ya gama aiki a Yanbu. Da na samu hutu sai in kama hanyar Badar, wani lokaci har bakin teku. (Mahaifina bai taɓa kiransa babur ba, "abin nan naka" yake cewa.)

Kwaltar ƙasar nan da zafinta ba sa barin taya ta tsufa da mutunci. A hankali tayar baya ta cinye, zanenta ya shafe har tana sheƙi. Sai na nufi Aziziyya wurin Baba Modu.

Baba Modu abokin mahaifina ne, yana da shagon taya da faci, irin wanda muke kira banshar. Babarbare ne, kakanninsa sun zo hajji da ƙafa suka zauna, kamar nawa. Mu kuwa Fulani ne, don haka akwai wasa tsakaninmu tun ina yaro. Shi ya ce mini bawansa, ni in ce masa tsoho mai tsada, ba wanda ke jin haushi.

Ya tsuguna ya shafa tayar, ya ce irinta babu a Madina, sai an aiko daga Jidda. Da ya faɗi kuɗin na ji kamar an ɗauke mini rabin albashi, domin kusan hakan ne.

Na ce, "To sa mini ta mota. Na auna, akwai wadda take shiga. Ta fi araha, ta fi daɗewa."

Ya ce, "Tayar mota zaune take daram. Babur kuwa kwanciya yake yi a kwana. Je ka wani ya sa maka, ni ba zan tsaya gaban ubanka ina bayani ba."

Na ce masu manyan babura a wasu ƙasashe suna yi, na gani a mujalla. Ya ce to mujallar ta sa mini. (Har yau ana wannan gardama tsakanin masu dogon zango, kuma har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba.)

Haka muka yi makonni. In na tashi aiki sai in je, a kawo shayi, in taya, ya yi albarka, in zage shi, ya rama. Ɗansa Bukar yana gefe yana aiki, ba ya sa baki, dama shi Larabci ya fi yi masa sauƙi. Yanzu da nake tunawa, ina ganin zaman ne yake kai ni, tayar dalili ce kawai.

Ana cikin haka otal ya tura ni Makka in taimaka a reshensu, saboda cunkoson masu umara. Na tafi a bas, na bar babur a wurin aiki. A can na yi ta tunani, na yanke shawara cewa tsohon ya ci, zan biya yadda ya faɗa a aiko da tayar. Ranar da na dawo ko gida ban leƙa ba. Na hau babur na wuce Aziziyya ina murmushi, ina shirya yadda zan miƙa wuya ba tare da ya samu bakin yi mini dariya da yawa ba.

Na tarar da shagon a rufe. Ban kawo komai a raina ba, don na san a watan ne za a aurar da autarsa. Na ce lallai bikin ne ya zo, bari in bi shi gida.

An idar da magariba na shiga lungunsu a Sih. Daga nesa na hango fitilu a rataye, da kujeru jere, da maza cikin fararen riguna. A nan garin, biki da zaman makoki duk haka ake shirya musu ƙofar gida. Abin da ke raba su kunne ne yake ji, ni kuwa kaina yana cikin hular kwano, ƙarƙashina inji yana ruri.

Na kutsa har tsakiyar kujerun. Na murɗa mai don a san na iso. Na ɗaga gilashin hula, na ɗaga murya da Hausa yadda kowa zai ji:

"Ina tsohon nan mai tsadar taya? Ku ce ya fito, ko kuwa ya mutu ne ban ji ba?"

Sannan na kashe inji.

Abin da na fara ji shi ne muryar mai karatun Alƙur'ani, wanda ya kai ƙarshen aya ya tsaya. Sai ƙamshin gahawa. Sai na ga 'yan gidan a tsaye a layi kamar yadda ake tsayawa karɓar gaisuwa, Bukar a cikinsu, idanunsa jajur. A kujerar gaba kuma mahaifina ne, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Yayan Baba Modu, wani dattijo da ake kira Baba Goni, shi ne ya amsa mini, a hankali, kamar tambayar kirki na yi.

"Na'am, ɗana. Jiya bayan la'asar. Yana maƙabartar Baƙi'a. Sauko ka yi masa addu'a."

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta tsage. Ba ta tsage ba. Lungun ƙunci gare shi, babur ɗin kuma ba ya juyuwa a wurin, sai da mutum biyu daga cikin masu zaman makoki suka taso suka taya ni tura shi da baya, ana janye kujeru. Na yi ta fama da igiyar hular, ta ƙi kwancewa. Haka na bi layin gaisuwa da kwano a ka, ina miƙa hannu. Da na zo kan Bukar ya karɓi hannuna, amma bai dube ni ba.

Sai da muka shiga gida mahaifina ya ce, "Gobe za ka koma. Da ƙafa. Kai za ka riƙe butar gahawa har a tashi."

Na koma. Na bi kujeru ina zuba wa mutanen da suka ji ni jiya, da waɗanda aka ba labari, wato kowa. Ba wanda ya yi mini maganar, kuma na fi son a ce an yi. Can aka ce matar marigayin tana kirana. Na tsaya a bakin ƙofa, tana bayan labule.

Ta ce, "Kai ne mai babur?"

Na ce, "Ni ne, Iya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Da na ji ƙarar nan jiya, sai da na juya zan ce masa ga bawanka ya zo." Sannan ta ce, "Je ka, ɗana. Ba ka sani ba."

A nan ne na yi kukan Baba Modu, a tsaye, da butar gahawa a hannu. Kafin wannan lokacin kunyata ce kawai ta cika mini ciki, ban ma samu wurin jin rashinsa ba.

Na daɗe ban bi ta Aziziyya ba. Babur ya zauna a ƙofar gida ƙura ta rufe shi. Daga baya na ga gudun ya fi zuwan muni, sai na tura kaina. Bukar ya buɗe shago, yana zaune inda mahaifinsa yake zama. Muka gaisa. Na ce ina son tayar nan ta Jidda. Ya buga waya ya tambaya, ya faɗa mini kuɗin. Kaya sun tashi, har ya zarce wanda na yi makonni ina yaƙi da shi. Na sa hannu a aljihu na biya.

Ya dube ni a karon farko tun ranar, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ba za ka taya ba?"

Na ce, "A'a."

Ya ɗan yi kamar zai yi murmushi, ya aika a kawo shayi. Da tayar ta iso shi da kansa ya ɗaura ta, kuma ba mu taɓa tayar da maganar wancan yammacin ba, har yau da dukanmu muka yi furfura.

Tun daga nan, in na hango fitilu da kujeru a lungu, daga bakin titi nake kashe inji, in tuɓe hula, in sami mutum na farko in tambaye shi cikin ladabi, "Lafiya dai? Wa aka rasa?" Sau da yawa biki ne, sai a bi ni da kallon mai mugun fata. Na gwammace wannan kallon.