Subedar Yana Zama

Yau da ƙarfe bakwai na safe na naɗe bindigata a tsohon tawul, na cusa ta a jakar cefane, na nufi ofishin ajiya. Ba laifi na yi ba. Zaɓe ne ya matso, kuma kun san ƙa'idar: duk mai bindiga da lasisi sai ya kai ta ajiya har a gama ƙirga ƙuri'a, don kada mu tsofaffin malaman makaranta masu ciwon gwiwa mu tayar da ƙasa tsaye. Masu bindiga ba lasisi kuwa ba wanda ya aika musu takarda, tunda ba su bar adireshi ba. Wanda ya tsara wannan, ranka ya daɗe, kanka yana ja. Wata goma sha shida na yi ina neman bindigar nan, kwananta goma sha tara a hannuna.

Amma ba ita ce ta hana ni karyawa ba. Jibi Lahadi ne aka sa Pramod, ƙanen matata Kusum, zai zo da motarsa ya ɗauke Subedar ya kai shi gona, inda za a ɗaure shi da sarƙa a gindin injin ban-ruwa. Subedar karena ne, shekararsa goma sha ɗaya, haƙoransa sun kusa ƙarewa. Ina son karen nan, kuma ba na jin kunyar faɗa a jarida. Kusum ce ta yanke hukuncin, a gidanmu kuwa babu kotun ɗaukaka ƙara.

Bari in koma baya. Bara waccan, da hantsi tsaka, wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar Shakuntala-ji, tsohuwar da ke hawa na biyu a benenmu, ya ce ya zo duba bututun gas. Ya ɗaure ta a kujera da mayafinta, ya zare mata awarwaro da 'yan kunne, ya sauka abinsa yana fito. Maigadinmu lokacin ya je sayo wa Mai Girma Shugaban Kwamitin Bene samosa. Mu muna hawa na huɗu, daga ni sai Kusum, 'yarmu Neelu tana can gidan mijinta. A makon nan na cike takardar neman lasisi.

Akawun da ya karɓa ya dube ni ta saman tabarau.

"Masta-ji, a nan sai ka nuna akwai barazana ga ranka. An taɓa harbinka?"

"A'a."

"An soke ka?"

"Tukuna dai."

"To ina barazanar? Maƙwabciya aka ɗaure, ba kai ba. Idan an harbe ka, ka kawo takardar likita, kwafi uku, sai mu kai wa Babban Sahab."

Na ce zan so ganin Babban Sahab da kaina, kafin a harbe ni. Ya ce yana zama. Na koma bayan mako biyu, yana zama. Na koma da damina, yana zama. Ban taɓa ganin fuskar bawan Allahn nan ba, amma na san tabbas ƙasar nan tana hannu nagari, domin mutumin da ya yi wata goma sha shida yana zama ba zai rasa abin da ya zaunar da shi ba.

Cikin wannan jiran ne na ga sanarwa cewa za a bayar da karnukan hukuma da suka yi ritaya ga duk mai so. A raina na ce shi ke nan, karen hukuma! Na je. Babu fom, babu kwafi uku, babu wanda ya tambaye ni ko an taɓa cizona. Aka fito mini da wani baƙin kare mai furfura a haɓa, yana tafe yana jan ƙafar baya. Wanda ya yi shekara tara yana riƙe da igiyarsa, ƙato mai gashin baki, ya durƙusa yana share hawaye da hula.

"Masta-ji, abu ɗaya. Ba ya haushi."

"Ba ya me?"

"An hana shi tun yana ɗan kwikwiyo. Aikinsa shinshinar albarushi ne. In ya ji warinsa, sai ya je gaban abin ya zauna, ya kafa masa ido. Shi ke nan aikin."

Na kawo shi gida. Kusum ta zagaya shi sau biyu, hannu a ƙugu.

"Baban Neelu, na ce ka samo mai gadi, ka samo mini ɗan fansho na biyu? Wanda nake da shi bai ishe ni ba?"

Gaskiya Subedar bai taimaki kansa ba. Mai kawo madara ya zo, ya kaɗa masa wutsiya. Mai karɓar tsofaffin jaridu ya zo, ya lashe masa hannu. Da bikin Diwali ya zo, unguwa ta cika da hayaƙin wasan wuta, sai ya samu tsakiyar falo ya zauna, kwana uku, yana duban kowane ɓangare cikin ruɗewa, don duk duniya ta zama abin zargi. Ga lif ɗin benenmu ya mutu tun watan sanyi. Kwamiti ya yi zama huɗu a kansa, an sha shayi, an amince cewa lallai ya mutu. Saboda haka safe da yamma ni nake rungumar kare mai nauyin buhun shinkafa in sauko da shi hawa huɗu, in mayar da shi. A hawa na biyu mukan tsaya mu huta, ni ina haki shi yana haki, ya ɗora haɓarsa a kafaɗata. Tun da na bar aji ba wanda ya saurare ni kamar yadda karen nan yake saurarena a kan matakalar nan.

Sai ga lasisi ya fito, ban san dalili ba, ƙila wani ya sa hannu bisa kuskure. Na je shagon bindigogi na ce a ba ni fistol, irin wadda ake ja a saman ta yi ƙaras. Mai shago ya miƙo mini. Na ja, ta ƙi. Na sa hannu biyu, na haɗa da gwiwa, ta ƙi.

"Masta-ji, da yatsun nan naka sai ka roƙi ɓarawon ya ɗana maka. Bangon gidanka bulo nawa ne?"

"Ɗaya."

"Wa ke bayan bangon?"

"Mirza Sahab."

"Kana da wata matsala da shi?"

Na ce babu, in ban da rediyonsa. Ya ce to in bar babbar, don za ta wuce ɓarawo, ta wuce bango, ta samu Mirza Sahab yana shan shayi. Ya ba ni 'yar libarba mai cin harsashi shida, ya ce wannan ko kakata za ta iya. Na kawo ta gida, na ɓoye a kabad ɗin falo, ƙarƙashin barguna, inda ba mahaluƙin da zai yi tsammani. Subedar ya tashi daga tabarmarsa, ya ja ƙafa, ya je gaban kabad ya zauna, ya kafa wa ƙofar ƙasa ido. Duk baƙon da ya shigo gidan a kwana goma sha taran nan sai ya tambaya me muka ajiye a ƙarƙashin bargunan.

Nan Kusum ta kai bango.

"Bindiga ta zo, aikinsa ya ƙare, in ma ya taɓa farawa. Gashinsa a miyata, bayanka ya kusa karyewa, yanzu kuma ya zama allon talla ga ɓarayi. Na kira Pramod."

"Kusum, a sarƙa ba zai kai damina ba."

"Kai ma a matakalar nan ba za ka kai ba. Cikinku biyu na zaɓi wanda na fi sabawa da shi."

To, da wannan a zuciya na shiga layin ajiya yau. Layi ya fito har bakin titi. Tsofaffin sojoji, wani likitan haƙori, wata dattijuwa da bindigar marigayi mijinta a cikin zanen gado, kowa ya rungumi tasa a rana, an taru don kare dimokuraɗiyya. Gabana Mirza Tajammul ne, maƙwabcina na bayan bango, da doguwar bindigar kakansa.

"Mirza Sahab, wannan tana tashi kuwa?"

"Wallahi Masta-ji, gizo-gizo ya yi jikoki a cikinta. Amma duk zaɓe sai na kawo ta. Ta fi ni zuwa zaɓe, ni sau biyu ana rasa sunana a rajista."

Muka kai taga da azahar. Aka ce rajistar ajiya tana ɗakin Babban Sahab, sai ya sa hannu a kowane shafi. Ina Babban Sahab? Yana zama. Muka jira har ƙarfe uku, aka rufe taga, aka ce mu dawo gobe, kuma duk wanda bai ajiye tasa ba zuwa gobe da yamma za a soke lasisinsa saboda taurin kai. Muka shiga keke mai ƙafa uku ni da Mirza Sahab, bakin bindigar kakansa yana leƙe waje, kowace mota tana ba mu hanya.

Muna isowa muka tarar da ƙofar bene cike da mutane. Na ce Kusum! Hawa huɗun nan ban san yadda na hau su ba. Na same ta zaune a bakin ƙofarmu, ludayi a hannu ya lanƙwashe, matan bene sun kewaye ta, tana ba da labarin karo na shida.

Wajen sha ɗaya aka ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofar katako, ta bar ta ƙarfe mai raga a kulle. Wani mutum ne tsaf-tsaf, da riga mai tambari, da littafi, da jaka a kafaɗa, ya ce an samu rahoton warin gas a hawa na huɗu.

"Na san labarin Shakuntala-ji," in ji Kusum, "amma mutumin nan har sunanka ya faɗa, ga kati a wuya. Na sa hannu a sakata ke nan, sai ga wannan ya taso daga tabarma, ya zo ya ratsa ta ƙafafuna, ya zauna. Ya kafa wa jakar ido. Na ce tashi, malalaci, kabad yana can. Sai na tuna, hai Ram, ai bindigar ta bar gidan tun ƙarfe bakwai!"

Ta ce wa mutumin bari ta ɗauko makulli. Ta maida ƙofar katako, ta danna sakata, ta fita baranda da farantin ƙarfe da ludayi, ta shiga duka tana kiran mai guga da masu kayan miya da ke bakin titi su rufe get. Mutumin ya danna lif. A nan nake son in miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bene, wanda hangen nesansa ya sa aka bar lif ɗin a mace. Kafin baƙon ya sauko hawa huɗu da ƙafa, mai guga ya ja get, yana tsaye da dutsen guga cike da garwashi. A hawa na biyu Shakuntala-ji ta leƙo, ta ga fuskar, ta ce shi ne. A jakarsa aka samu igiya da bindiga ƙirar maƙera, harsashi a ciki.

Sai da mata suka watse na samu shiga falo. Kusum ta riga ni, waya a kunne.

"Pramod, kada ka zo Lahadi. Na ce kada ka zo. Ka ɗaure injinka da sarƙar."

Ta shiga kicin, ta fito da gurasar roti biyu, ta shafe su da man shanun da ta hana ni tun bara saboda jinina, ta murmushe su cikin madara don haƙoransa. Ba ta dube ni ba ta ce daga gobe mu biyu za mu riƙa sauko da shi, ni gaba, ita baya. Na juya na yi kamar ina gyara tabarau, don idona ya cika.

Subedar bai taɓa abincin ba tukuna. Ya ja ƙafa ya zo gabana ya zauna, ya kafa wa jakar cefanena ido.

"Ga wani kuma," in ji Kusum. "In ɗauko ludayin?"

Mai guga ne ya ƙarasa mana labarin da yamma, don shi ya raka 'yan sanda suka kai ɓarawon ofis. Ya ce bindigar ɓarawon ba ta bi layi ba, cikin kwata ɗin awa aka shigar da ita rajista. Babban Sahab da kansa ya fito, ya tsaya bayan tebur, ya ɗora hannu a kanta aka ɗauki hoto. Ashe yana da ƙafafu. Ku duba shafin farko na jarida gobe, za ku ga yadda sa idon hukuma ya ceto wata tsohuwa.

Ni dai gobe da bakwai ina layi da tawul ɗina. Mirza Sahab ya ba da shawarar mu yaga lasisin mu kama juna mu kai, ya ce za a fi saurin karɓa. Ina duba maganar. Kafin nan, in kun zo gidana neman ma'aikacin hukuma guda ɗaya da zamansa ya taɓa amfanar wani, ku ƙwanƙwasa a hankali, kuma ku yi haƙurin jira. Subedar Sahab yana zama.