Ranar da Na Binne Uwar Ladi da Ranta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da Asabar ɗin da na tashi takanas daga Manchester zuwa Birmingham don in kunyata kaina a gaban dattawa.

Ga yadda abin ya faro. Wata ƙungiyar coci a unguwar Erdington ta Birmingham tana tallafa wa wani gidan marayu a wajen garin Maraɗi, a Nijar, kuma duk shekara tana tura matasa su je su taimaka. Da suka ji ina jin Hausa (irin wadda ake tsinta a kicin ɗin uwa a unguwar Moss Side ta Manchester, amma dai Hausa ce), sai suka sa ni cikin tawaga. Mako uku na yi a can, ina wanke-wanke, ina koyar da karatu, ina ɗaukar hoto kamar shi aka aike ni yi.

Tun ranar farko Mama Hannatu, matar da ke riƙe da gidan, ta kafa mana doka. Ta ce, "A gidan nan ba a tambayar yaro ina uwarsa ko ina ubansa. Kwanonsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya, kowa Mama yake ce mini." Na gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Cikin yaran akwai wata Ladi, 'yar shekara shida, shiru-shiru, wadda ta maƙale mini ko'ina na sa ƙafa. Na lura ita ake zuba wa abinci a ƙarshe. In sababbin riguna ba su isa ba, ita ke haƙura. Ban taɓa ganin Mama Hannatu ta ɗora ta a cinya ba, ko sunanta ma ban ji ta kira ba, sai dai "ke yarinya". Tausayinta ya cika ni. Tunda an hana tambaya, sai na zauna na ba kaina amsa: wannan ita ce marainiyar marayu.

Bayan mun dawo, Anti Rifkatu, wadda ke shirya tafiyar, ta kira ni a waya. "Ke za ki yi presentation ranar Asabar," in ji ta. "Elders suna cewa yaran da suka tashi a nan hoto kawai suke zuwa ɗauka, suna so su soke trip ɗin baɗi. Please, ki fitar da ni kunya."

Matasa takwas sun riga sun rubuta sunansu, kuma tafiyarsu ta rataya a kan bakina, ni da ko gaisuwar baƙi a falo sai na yi in'ina. Kwana huɗu ina karanta jawabi ga madubi a ɗakina na unguwar Fallowfield, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko faɗa nake da wani. A jirgin ƙasa sau uku na shiga banɗaki. Abu ɗaya ne ya ɗan kwantar mini da hankali: ina da labarin Ladi, kuma na san ba dattijon da zai ji shi zuciyarsa ba ta karaya ba.

Zauren cocin ya cika da yamma, ƙamshin dafa-duka na tashi daga baya. Dattawa sun jeru a gaba sun harɗe hannu. Na fara, na yi ta kame-kame, har na iso hoton Ladi a bango. Nan bakina ya buɗe.

"Wannan ita ce Ladi," na ce. "Ba uwa, ba uba. Ba ta san ɗumin jikin mahaifiya ba." Na ga wata ta ciro hankici, sai na ƙara wuta. (Mutum in ya ga kasuwarsa na ci, ba ya sanin lokacin tashi.) "Allah Ya ji ƙan mahaifiyarta," na ce, zaure ya amsa da amin.

Sai wata dattijuwa a layi na biyu, Mama Asabe, ta ɗaga hannu a hankali.

"'Yata, yaushe uwar tata ta rasu?"

"Ai... an ɗan jima, Mama."

"Ikon Allah," ta ce. "Da safen nan fa muka yi waya."

Na kalli Anti Rifkatu, ta sunkuyar da kai tana binciken jakarta. Ita kuwa Mama Asabe ta gyara tabarau, ta latsa waya, ta taso har inda nake ta ɗaga ta a gaban fuskata.

"Hannatu, ƙanwata, ga wadda ta binne ki. Ku gaisa."

Mama Hannatu ce a waya, da ranta da lafiyarta, da ludayi a hannu. Ashe Ladi 'yarta ce ta cikinta, 'yar fari. Kunyar 'yar fari ce ta hana ta kiran sunanta, kara kuma ta sa komai sai 'ya'yan wasu sun samu kafin tata. Duk wanda ya tashi a gida ya san wannan. Ni kuwa na haɗa shi na yi jana'iza.

"Mama, ki yi haƙuri," na ce, ina neman ƙasa ta tsage. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ba komai, addu'ar ma na gode, wata rana za ta yi amfani."

Zaure ya fashe. Ni dai na san tafiyar baɗi ta mutu, kuma ni na kashe ta, gawa ta biyu ke nan a yini ɗaya. Amma Mama Asabe ta juya ga dattawa ta ce, "Yarinyar nan ta yi mako uku a gidan, ba ta bambance maraya da 'yar gida ba. To me kuke nema ya wuce wannan? Ku bar su su je, su ma akwai karatu a gabansu."

Ba a soke tafiyar ba. Amma kafin a kashe wayar, Mama Hannatu ta ce da ni a hankali, "Na gode da kika riƙa ɗaukar mini ita. Ni ba na iyawa a gaban sauran." Wannan maganar ta fi dariyar mutane shiga jikina.

Tun daga ranar, in an ce mini kada in tambaya, ba na tambaya, kuma ba na ba kaina amsa. Har yau dai in na shiga cocin Erdington, sai wata ta riƙe hannun uwarta ta ce, "Mama, ki matso kusa, ga ta nan ta zo."