Gashin Tanimu Ɗan Ingila

Wani mutum ne a garinmu, Tanimu, ana ce masa Ɗan Ingila. Ya taɓa raka kawunsa asibiti can ƙasar Turawa, ko wata biyu bai cika ba ya dawo. Amma tun daga ranar kunnen gari bai sake hutawa ba.

Kalma ɗaya ya ƙullo daga tafiyar, ita yake jifan kowa da ita: otodos. A faɗarsa, haka Bature ke kiran wanda ya riƙe abin da ya tarar wajen iyaye da kakanni, ba tambaya ba bincike. Ka yi bisimilla kafin ka zubar da ruwan zafi, otodos. Ka hana yaro zama kan turmi, otodos. Har kunun da uwarsa ke damawa ya taɓa shan wannan suna.

Ran nan da hantsi ya je aski wurin Sallau wanzami, gindin ceɗiyar bakin kasuwa. Shi kuwa Sallau yana da al'adar da ya gada. Duk wanda ya aske, sai ya tattara gashin ya zuba a wata tsohuwar ƙwarya, da yamma ya binne. Kowa a garin ya san dalili. In mugu ya samu gashinka, sammu ne. In tsuntsu ya kai shi sheƙa, kai da ciwon kai kun ƙulla zumunci, wani ma har ya zautu.

Aka aske Tanimu ƙwal. Sallau ya sunkuya zai kwashe, sai Tanimu ya taka gashin da takalmi.

"Bar shi nan, Baba Sallau. Wannan shi ne ainihin otodos. A Ingila shara ake yi da shi, ba wanda kansa ya fashe."

"To," in ji Sallau.

Tanimu ya juya ga masu jiran layi, ya shiga jawabi. Ya kawo Turancin kalmar, ya kawo kishiyarta, ya ce shi a kishiyar yake. Sai da bakinsa ya bushe sannan ya kifa malafarsa ta Turawa ya tafi, yana taku ɗai-ɗai.

Bai kai gida ba ya ji wani abu ya soke shi a ƙeya. Ya ce zafin rana ne. Aka kawo abinci, ya ture kwanon gefe. Sai ya tuna da wani mutum da yake gani yana yaro, wanda ke yawo kasuwa yana gardama da iska, an ce gwara ce ta yi sheƙa da gashinsa. Gaskiyar magana, tsoro ya kama Tanimu, irin wanda ba ya jin Turanci.

Da rana ta take, ya zagayo ta bayan rumfuna. Sallau ya tafi cin tuwo, gindin ceɗiya ba kowa. Ya duba inda ya bar gashin, wayam. Ya ce a ransa ƙila tsohon ya share ya zuba a ƙwarya, bari dai ya tabbatar. Ya tsuguna yana tona gashin mutanen gari, fari da baƙi, yana neman nasa. Sai ya ji takun mutane. Kafin ya yi tunani, hannunsa ya juye ƙwaryar cikin malafa, ya kifa a ka.

Sallau ne, tare da Barau mahauci, ƙato mai saurin hannu, wanda shi ma aka aske da safen.

Sallau ya leƙa ƙwarya. "Ikon Allah. An kwashe."

Barau ya dubi Tanimu. Mutumin da aka aske ɗazu, ga gashi na zubo masa ta gefen kunne, gumi na manna shi a kumatu. Barau ya ɗaga malafar. Yuuu, gashin rabin gari ya sauko har kafaɗa. Nan da nan kasuwa ta taru.

"Wa ya aiko ka?" Barau ya tambaya, ya riƙe wuyan rigarsa. "Wane boka za ka kai wa kawunanmu? Mu je gaban mai unguwa."

Tanimu ya auna. Ko dai ya zama mai sammu, ko ya faɗi gaskiya a gaban mutanen da ya yini yana zagi. Ya dubi damtsen Barau, sai zaɓin ya zo da sauƙi.

"Wallahi nawa nake nema," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tsoro na ji kada tsuntsu ya ɗauka."

Wani daga baya ya tambaya, cikin ladabi, ko Bature yana da sunan wannan.

Sallau bai yi dariya ba. Ya karɓi malafar yana kaɗe gashin cikin ƙwarya.

"Da ka tambaye ni, ɗana, da ba ka wahala ba. Naka ba ya ciki. Tun kana tsakiyar jawabi gwara ta sauko ta yi sawu biyu."

Tanimu ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ɗaga ido ya dubi ceɗiya, ya dubi darbejiyar tsallaken titi, sannan ya matso kusa da tsohon.

"Baba Sallau, don girman Allah, wace bishiya ta hau?"