Nomau da Baƙuwar Cikin Waya

A ƙauyen Kwarin Gamji an yi wani bawan Allah, Nomau, wanda in ka faɗa masa magana sai ya ɗauke ta yadda ta fito daga bakinka, ba ragi ba ƙari. Tun da tsohuwarsa ta rasu, gidan ya rage daga shi sai tunkiya guda. Kullum da la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutane su yi ta wucewa, iyakarsu su ɗaga masa hannu daga nesa. Kada ku ga wauta ku ce ba ya ji, abin nan yana cin ransa.

Wata rana aka kawo wa garin wutar lantarki. Mai jan waya, Malam Sallau, ya tsaya shan inuwa, Nomau ya ce, "Malam, ta ina take bi?" Ya ce, "Ta cikin jan ƙarfen nan. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a ciki da ba a ɗaure suke ba, wannan ya tura wannan har ta iso gidanka. Duk inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe ta sami hanya." Jin za a zo gidansa, gogan naka ya kwaso fartanya da lauje da tasoshin tsohuwa, ya jera su tun daga gindin falwaya har bakin tabarma, ya dama fura ya zauna jiran baƙuwa. Allah ya so shi, falwayar ta itace ce, wayar kuma tana can sama. Har magariba ba wanda ya zo sai kaji.

Wata rana Sallau ya ce masa jikin mutum ma tana bi, saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa. Shi ke nan, Nomau ya yi sallama da randa, miya ma sai lami. Kwana biyu Sallau ya tsince shi a zaure, leɓe duk ya tsattsage, ya ɗura masa ruwa yana ta faɗa.

Wata rana Sallau ya gama aiki zai tafi, ya ce, "Roba da busasshen itace ba ta bin su, don abubuwan cikinsu a ɗaure suke tamau. In ka ga mutum riƙe da ƙarfe yana kakkarwa, kada ka sa masa hannu, make shi da busasshiyar gora." Ya hau mota, mai amsa wa Nomau magana ya ƙare. Daga ranar ya zura silifa a ƙafa, ya zura a hannu, gora a kafaɗa, musabaha ma ya daina. Sai ga Baba Jatau, masassara na kaɗa shi, riƙe da butar ƙarfe. Nomau ya sauke masa gora a gadon baya. Mai unguwa ya kira shi ya ce, "Ka sake dukan wani, ka bar garin nan, kai da tunkiyarka."

Wata rana bayan an ɗauke ruwa, tunkiya ta ja shi har rumfar Barmo mai injin niƙa na lantarki. Ga mata a layi, ga Barmo ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya riƙe inji yana kakkarwa. To, wa zai kula? Kowa ya san mai riƙe da injin niƙa kullum haka yake, ban da Nomau, da bai taɓa leƙa rumfar ba. Ya tuna ɗakin tsohuwa da zai bari in an kore shi, hawaye ya cika masa ido, amma maganar Sallau magana ce. Ya ɗaga gora ya maka wa Barmo a hannu, sai ga shi can warwas.

Aka yi caa a kan Nomau, har an tura kiran mai unguwa. Barmo ya buɗe ido da ƙyar, ya nuna tafinsa a ƙone, ya ce, "Ku sake shi. Wuta ce ta kama ni, ko ihu na kasa."

Da la'asar Barmo ya yi sallama, ya zauna a kan tabarmar, ya miƙa hannun da ya tsira. Nomau ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zare silifa ya kama. Ya tura wa Barmo ƙwaryar fura ya ce, "Bismilla. Dama kullum ta mutum biyu nake damawa."